Filin Tambaya da Amsa: Jami'a, Bariki da Makaman da Aka Ce Ba Sa Kisa

Wasiƙu biyar daga cikin waɗanda suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun haɗu a kan magana guda, ko da yake kowane mai tambaya ta ƙofarsa ya shigo, don haka na ga ya fi dacewa in amsa su a fitowa ɗaya. Kamar yadda aka saba, an taƙaita wasiƙun kuma an sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen injiniyan lantarki. Wani malaminmu ya ambata a aji cewa a Amurka akwai jami'o'in da sojoji ke ba kuɗi su yi binciken makaman da ba sa kisa, waɗanda ake nufin amfani da su a cikin gari inda fararen hula suke. Ni dai a sanina makami don kisa ake ƙera shi. Waɗanne irin makamai ne waɗannan, kuma me ya kai jami'a cikin aikin bariki?
Daga wani ɗalibi a Tudun Wada, Kaduna

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Malaminku gaskiya ya faɗa, kuma wannan alaƙa ta daɗe fiye da yadda mutane da yawa suke tsammani. Barkonon tsohuwar da kowane mazaunin Kaduna ya san yajinsa, sinadarin da ke cikinsa ana kiransa CS, kuma a ɗakin gwaje-gwajen wata makaranta aka fara haɗa shi: wasu masana kimiyyar sinadarai biyu, Ben Corson da Roger Stoughton, su ne suka samar da shi a Kwalejin Middlebury ta Amurka a 1928, haruffan biyu kuwa daga farkon sunayensu na ƙarshe, Corson da Stoughton, aka ɗauko su. Sai a shekarun 1950 cibiyar binciken sojan Birtaniya da ke Porton Down ta ɗauko shi ta mayar da shi abin tarwatsa taro.

Amma haɗin gwiwar da malaminku yake nufi, irin wanda ake rattaba hannu a takarda ana ware masa kuɗi duk shekara, daga Somaliya ya samo asali. A farkon 1995 aka tura sojojin ƙundunbalar Amurka, ƙarƙashin Janar Anthony Zinni, su ba dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya kariya a lokacin da suke ficewa daga Mogadishu. Abin da ya fi damun kwamandan shi ne cincirindon mutanen da ba su riƙe da bindiga, masu kutsawa don wawure kaya, waɗanda 'yan bindiga kan saje a cikinsu. Sojan da aka tsayar a ƙofa abu biyu kaɗai yake da shi, wato tsawa da harsashi, kuma tsakanin biyun nan babu komai. Rundunar ta tafi da wasu kayayyakin da ta aro daga 'yan sanda da ɗakunan bincike, har da wata kumfa mai danƙo da ake fesawa ta ɗaure ƙafa. Bayan an dawo, a 1996 ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da manufa a rubuce kan irin waɗannan makamai, aka kuma buɗe musu ofishi na musamman a barikin Quantico da ke Jihar Virginia. Daga wannan ofishi ne kuɗi ya fara gangarowa jami'o'i. Jami'ar Jihar Pennsylvania ta kafa cibiya sukutum don wannan bincike a ƙarshen shekarun 1990, ita ma Jami'ar New Hampshire ta sami tata cibiyar da ke tallafa wa masu sababbin dabaru.

Dalilin da ya sa ake jaddada birni kuwa, ba sai an kai ka nesa ba. Ka dubi Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da rana tsaka, ko lungunan Rigasa da yamma lokacin tashin 'yan Islamiyya. Harsashin bindigar yaƙi yana iya huda ƙofar langa-langa ya sami mai barci a ɗakinta, kuma wanda ya harba bai ma san da ita ba. Wani kwamandan sojojin ƙundunbalar Amurka, Janar Charles Krulak, ya yi hasashe tun a ƙarshen shekarun 1990 cewa sojan zamani zai iya samun kansa yana rabon abinci a layi ɗaya, yana raba faɗa a layi na biyu, yana musayar wuta a layi na uku, duk a yini guda kuma a unguwa guda. Makamin da ya dace da layi na uku masifa ne a layin farko.

Tun da kai ɗalibin lantarki ne, bari in tsaya a kan na'urar da ta fi kusa da karatunka. Rundunar sojan saman Amurka da kamfanin Raytheon sun ƙera wata na'ura da ake ɗorawa a bayan mota, mai faifai kamar babban tauraron dish, wadda ke harba igiyar zafi da ido ba ya gani. Igiyar tana kaɗawa a gigahaz 95, wato sau biliyan 95 a daƙiƙa, alhali na'urar ɗumama abinci ta gida a gigahaz 2.45 take aiki, kuma wannan bambanci shi ne sirrin abin: igiyar da ta kai wannan kaɗawa ba ta nutsewa cikin jiki, iyakarta kusan milimita 0.4 a saman fata, inda jijiyoyin jin zafi suke. Wanda ta sama yakan ji kamar an buɗe masa bakin tanda a jiki, sai ya yi tsalle gefe ba da shawararsa ba. An gwada ta a kan masu sa kai sau dubbai, kuma a 2007 wani sojan sama ya ƙone a wurin gwaji har sai da aka kai shi asibiti. An kai ta Afganistan a 2010, aka dawo da ita ba tare da an kunna ta a kan kowa ba. Ruwan sama da hazo suna rage mata ƙarfi, tana cin wuta mai yawa, sannan akwai fargabar abin da jama'a za su ce idan labari ya bazu cewa baƙi suna gasa mutane da haske.

Sauran ba su kai wannan ban mamaki ba. Akwai amsa-kuwwa mai cin dogon zango da ake kira LRAD, wadda aka ƙera bayan harin da aka kai wa jirgin ruwan yaƙin Amurka USS Cole a tashar Aden a watan Oktoban 2000, domin a riƙa gargaɗin kwale-kwale tun yana nesa. Akwai koren hasken leza da ake haska wa direba a shingen bincike, da raga mai ƙusoshi da ke naɗe tayar mota ta tsayar da ita, da bindigar lantarki ta Taser, da harsashin roba.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, a mafi yawan waɗannan ayyuka kamfanoni da ɗakunan binciken soja ne suke ƙira, rabon jami'a kuwa shi ne amsa tambayar da maƙeri ba zai iya amsawa ba: nawa ne ya isa ya kori mutum, nawa ne kuma zai nakasa shi? Wannan aikin likita ne da masanin halayyar ɗan Adam da masanin lissafi, tare da injiniya irinka.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce. A wata hatsaniya da aka yi an kawo mana wani saurayi da harsashin roba ya sama a ido, idon bai sake gani ba. An kuma kawo yarinya mai ciwon asma wadda hayaƙi ya iske a cikin ɗakinsu, da ƙyar aka ceto numfashinta. Tun ranar nake jin haushin wannan suna. Don Allah wa ya ce ba sa kisa?
Daga wata ma'aikaciyar jinya a Unguwar Rimi

AMSA: Malama, Allah ya saka muku da alheri a kan wannan aiki. Haushinki yana kan hanya, kuma masana da yawa sun riga ki jin sa, shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya, a jagorar da ofishinta na kare haƙƙin ɗan Adam ya fitar a 2020, ta zaɓi kiran su makamai masu ƙarancin kisa. Sunan farko niyyar maƙeri yake bayyanawa, abin da ke faruwa a titi kuwa ya dogara da abubuwa huɗu da ke kan canza daga sa'a zuwa sa'a: yawan abin da aka yi amfani da shi, da tazarar da ke tsakani, da lafiyar wanda ya sama, da wurin da ya same shi. Ke da kike ba da magani kullum kin fi ni sanin cewa ƙwayar da ke warkar da babba ita ce ke halaka jariri.

Harsashin roba sojojin Birtaniya ne suka fara amfani da shi a Ireland ta Arewa a 1970, daga baya aka sauya shi da na filastik, kuma a tsawon wannan rikici nau'o'in biyu sun kashe mutum 17, takwas daga cikinsu yara ne. A 2017 wasu likitoci suka tattara rahotannin asibitoci na shekarun 1990 zuwa 2017 suka wallafa a mujallar BMJ Open, inda suka ƙidaya mutum 1,984 da irin waɗannan harsasai suka raunata, 53 suka mutu, 300 suka sami nakasa ta dindindin, mafi yawanta a ido. Matsalar tana cikin ƙirar kanta. Idan an harba daga kusa, ƙarfinsa ya isa ya fasa ƙoƙon kai, idan kuma an harba daga nesa ba ya tafiya saiti, sai wanda aka nufa a cinya ya tsira, wani can gefe ya rasa ido.

Barkonon tsohuwa kuwa an yi shi ne don fili, inda iska za ta kwashe shi kuma mutane suna da hanyar gudu. Idan aka rasa ɗaya daga cikin biyun nan, sai ya koma wani abu daban. A filin wasa na Accra da ke Gana, ranar 9 ga Mayun 2001, 'yan sanda sun harba shi cikin 'yan kallo alhali ƙofofi a rufe suke, mutum fiye da 120 suka mutu a turmutsutsu. An maimaita irin wannan a filin Kanjuruhan na Indonesiya ranar 1 ga Oktoban 2022, inda mutum 135 suka rasu. A Masar, a watan Agustan 2013, fursunoni 37 sun shaƙe har lahira bayan an jefa shi cikin motar da aka cunkusa su. Yarinyar da aka kawo muku ɗaki ne ya rutsa da ita, kuma gidajenmu na cikin gari, masu ƙananan tagogi da zaure guda na shiga da fita, ba su da bambanci sosai da waccan mota idan gwangwanin ya faɗo tsakar gida. Wani abin da zai ba ki mamaki shi ne, yarjejeniyar haramta makamai masu guba ta 1993, wadda ta fara aiki a 1997, ta hana amfani da wannan hayaƙi a matsayin makamin yaƙi, amma ta bar wa hukumomi damar amfani da shi wajen kwantar da tarzoma a cikin gida. Wato abin da aka hana soja ya jefa wa sojan abokan gaba, an yarda ɗan sanda ya jefa wa ɗan ƙasarsa. Dalilin masu yarjejeniyar shi ne gudun kada hayaƙi a fagen daga ya zama ƙofar komawa ga guba mai kisa, amma dai abin yana da ɗaure kai.

Mafi munin darasi daga Mosko ya zo, kuma ya shafi jami'a kai tsaye. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Jihar Pennsylvania sun fitar da rahoto da ya duba yiwuwar amfani da magungunan sa barci da na kwantar da hankali wajen shawo kan taro, har suka lissafo wasu magungunan da suke ganin sun cancanci a ƙara nazari a kansu. Bayan shekara biyu, a watan Oktoban 2002, 'yan bindiga suka yi garkuwa da ɗaruruwan mutane a wani gidan wasan kwaikwayo a Mosko, jami'an Rasha suka hura wani sinadari dangin fentanil, maganin kashe raɗaɗi mai tsananin ƙarfi, ta hanyoyin iskar ginin domin kowa ya yi barci. Kimanin mutum 130 daga cikin waɗanda aka je ceto suka mutu, kusan dukkansu sanadiyyar sinadarin. Rahoton Amurka ba shi ne ya haifar da aikin Rasha ba, amma aikin Rasha ya amsa tambayar da rahoton ya buɗe. Likitan da ke sa barci kafin tiyata mutum ɗaya yake fuskanta, ya san nauyinsa, yana duba numfashinsa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Wanda ya hura magani cikin zauren da ke ɗauke da tsoho da yaro da mai ciki ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A ƙarshen 2021 ƙasashen da ke cikin waccan yarjejeniya suka yanke cewa fesa irin waɗannan sinadarai masu taɓa ƙwaƙwalwa don aikin tsaron cikin gida ya saɓa mata.

Sai dai zan ba ki misali guda da ya sa ban yanke ƙauna daga jami'a ba. A zanga-zangar Chile ta 2019 ɗaruruwan mutane sun sami rauni a ido, 'yan sanda kuma suna cewa harsasan roba suke harbawa. Likitocin ido suka miƙa ƙwayoyin da suka ciro daga jikin majinyata ga sashen injiniyan kanikanci na Jami'ar Chile, aka auna, aka gano cewa kashi 20 cikin 100 ne kawai roba, sauran kuwa ma'adanai ne masu nauyi, har da dalma. Cikin 'yan kwanaki hukumar 'yan sandan ta sanar da taƙaita amfani da su. Abin da kika ciro daga idon wancan saurayi, da an adana shi an rubuta nisan da aka harbo shi da irin raunin da ya yi, da ya zama shaida irin wannan.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon soja ne, na yi aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya, na kuma tsaya a shingen bincike a nan gida lokacin dokar hana fita. Na san abin da ake ji idan mota ta nufo ka da dare ba ta rage gudu ba, kai kuma bindiga kaɗai ke hannunka. Ga makarantun soja da masana'antar makamai duk a Kaduna. Me ya hana a haɗa kai da jami'o'inmu a yi wa yaranmu irin waɗannan kaya?
Daga wani tsohon soja a Kawo

AMSA: Yallaɓai, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma abin da ka bayyana a shingen bincike shi ne ainihin giɓin da wannan bincike yake son cikewa.

Ka yi gaskiya cewa kayan haɗin suna nan. Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA tun 1964 take a Kaduna, kuma tun 1985 take ba da digiri. A 1964 ɗin aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kakuri da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, an kuma sabunta dokarta a 2023 domin buɗe mata ƙofar haɗin gwiwa da 'yan kasuwa da masu bincike. Ga Kwalejin Fasaha ta Sojan Sama, AFIT, ga Jaji da kwalejin manyan hafsoshi da cibiyar horar da masu aikin kiyaye zaman lafiya. A ɓangaren farar hula ga Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwarta a Shika, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa a Basawa, ga Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Haɗin gwiwa da jami'a ma ba baƙon abu ba ne ga sojojinmu: aikin jirage marasa matuƙa na sojan sama ya faro ne da hafsoshin da aka tura karatu Jami'ar Cranfield ta Ingila, daga nan aka sami Gulma a 2013, sai Tsaigumi da aka ƙaddamar a nan Kaduna a watan Fabrairun 2018 tare da wani kamfani na ƙasar Fotugal. Duk wanda ya raɗa wa jiragen leƙen asiri waɗannan sunaye ya san Hausa. Amma abin da ya fito fili daga waɗannan cibiyoyi ya fi karkata ga bindigogi da harsasai da jirage da motoci masu sulke irin Ezugwu da aka nuna a 2019, abin da yaƙin Arewa maso Gabas da na 'yan bindigar daji ya tilasta.

Duk da haka, sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba da damar kiran soja ya taimaka wa hukumomin farar hula wajen maido da doka, kuma Kaduna ta ga hakan a 2000 da 2002 da 2011 da wasu lokutan bayan nan. Sojan da aka horar don daji shi ake saukewa a mahaɗar titi. Abin da ya faru tsakanin sojoji da mabiya Shi'a a Zariya a watan Disamban 2015 daga tare hanya ya faro, kuma kwamitin binciken shari'a da gwamnatin jihar ta kafa ya ba da rahoto a 2016 cewa mutum fiye da 340 ne suka rasu, ya kuma ce an yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima. Ba zan ce wata na'ura ce za ta hana hakan ba, domin umarni da horo da sanin cewa akwai tuhuma a gaba sun fi kowace na'ura tasiri. Amma kwamandan da ke da matakai biyar kafin harsashi ba ɗaya yake da wanda ke da mataki ɗaya ba.

A ra'ayina, kada mu fara da kwaikwayon na'urar zafin da masu ita ma suka kasa amfani da ita. Mu fara da shingen da ka tsaya a kai. Fitilar gargaɗi mai aiki da hasken rana wadda direba zai hango tun daga nesa, da amsa-kuwwa mai magana da Hausa da Turanci da sauran harsunan jihar, da ragar tsayar da mota, duk abubuwa ne da ɗaliban injiniya a Zariya da Kaduna za su iya ƙerawa su gwada, Kakuri kuma ta buga su da yawa. Na biyu, kuma shi na fi ba muhimmanci, shi ne awo. Kayan kwantar da tarzoma da ake shigowa da su daga waje an gwada su ne a yanayin wasu ƙasashe. Yaya gwangwanin barkonon tsohuwa yake zama bayan ya kwana biyu a ɗakin ajiya cikin zafin watan Afrilu? Me ƙurar hunturu take yi wa hasken leza? Daga wace tazara harsashin roban da aka sayo yake fasa ƙashi? Allah cikin ikonsa, Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa duk a cikin garin Kaduna suke, ido da kunne kuwa su ne gaɓoɓin da waɗannan makamai suka fi cutarwa. Wasu samfuran amsa-kuwwar da na ambata suna haura desibel 150 a nisan mita ɗaya, alhali ma'aikacin da ke yini cikin ƙarar desibel 85 ma ana shawartarsa ya toshe kunne. Likitan kunne ne ya kamata ya faɗa wa kwamanda daga ina zai kunna ta, kuma na daƙiƙa nawa.

TAMBAYA: Malam, ni malamar jami'a ce a tsangayar kimiyya. Idan irin wannan tayi ya zo mana daga wata rundunar tsaro ko wani kamfani, ya dace mu karɓa? Wasu abokan aikina suna ganin jami'a ba ta da haɗi da makami ko wane iri ne.
Daga wata malamar jami'a a Barnawa

AMSA: Dakta, ra'ayin abokan aikinki yana da magoya baya a duniya. Jami'ar Bremen ta Jamus ta ɗaura wa kanta ƙa'ida tun 1986 cewa ba za ta yi bincike don amfanin soja ba, wasu jami'o'in ƙasar kuma suka bi sawunta. A Ingila, sashen nazarin zaman lafiya na Jami'ar Bradford ya zaɓi wata hanya, ya shafe shekaru yana bin diddigin waɗannan makamai yana fallasa illolinsu, wanda shi ma bincike ne. Masu adawa suna da hujja mai nauyi: abin da ke sa zafi ba tare da barin tabo ba ya dace da hannun mai azabtarwa a ɗakin tsare mutane, kuma hukumar da ta sami hanya mai sauƙi ta tarwatsa taro takan daina sauraron abin da ya tara shi.

Ni dai ina ganin a karɓa, amma da sharaɗi, domin ko jami'a ta shiga ko ta ƙi za a sayo kayan kuma za a harba su, bambancin kawai shi ne ko akwai wani mai zaman kansa da ya auna su. Haɗarin da ya kamata ki fi tsoro shi ne wanda Hausawa suka ce idan baki ya ci, ido kan ji kunya. A 2011 wasu likitocin zuciya a Jami'ar California da ke San Francisco suka duba nazarce-nazarce 50 da aka wallafa kan lafiyar bindigar Taser, suka raba su gida biyu. A cikin waɗanda kamfanin ya ba kuɗi ko marubutansu ke da alaƙa da shi, kashi 96 cikin 100 sun ce na'urar ba ta da illa ko da wuya ta yi illa, a cikin masu zaman kansu kuwa kashi 55 ne suka faɗi haka. A 2017 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ƙidaya mutum fiye da 1,000 da suka mutu a Amurka bayan 'yan sanda sun yi amfani da ita a kansu, ko da yake a lokuta da yawa akwai wasu dalilan da suka haɗu.

Don haka kafin ki sa hannu, ki nemi a rubuta a cikin yarjejeniyar cewa sakamakon da ya shafi lafiyar ɗan Adam za a wallafa shi ko ya yi wa mai ba da kuɗi daɗi ko bai yi ba, sirrin ƙira kaɗai za a iya ɓoyewa. Ki nemi duk gwajin da za a yi a kan mutum ya bi ta kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin koyarwa, kuma kada a ɗauki kurtun soja ko ɗalibin da kike duba kundinsa a matsayin mai sa kai, domin wanda ba ya iya cewa a'a, amincewarsa ba amincewa ba ce. Ki ƙi duk abin da ya shafi fesa maganin sa barci ko hasken da ke makantarwa har abada, wanda wata yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta haramta tun 1995. Idan da hali kuma, a nemo wani kaso na kuɗin daga asusun bincike na TETFund, yadda ba aljihu ɗaya ne zai riƙe ɗakin gwaje-gwajenku ba.

TAMBAYA: Malam, shagona yana bakin titi, kuma sau biyu barkonon tsohuwa yana iske ni a ciki. Ana cewa a shafa kananzir a fuska ko a shaƙi albasa. Gaskiya ne?
Daga wani ɗan kasuwa a Kasuwar Barci

AMSA: Alhaji, ka rabu da kananzir. Yana ƙona fata, yana cutar da ido da huhu, sannan gwangwanin hayaƙin da zafi yake fitowa, ga ka da mai a fuska. Albasa ma ba ta kashe sinadarin. Abin da muke kira hayaƙi a gaskiya gari ne mai laushi ƙwarai da ke manne wa ido da fata da tufafi, shi ya sa murza ido yake ƙara yajin. Idan ya iske ka, ka fita daga shagon ka nufi inda iska take busowa, ka nemi wuri mai tudu domin sinadarin ƙasa-ƙasa yake sauka, ka wanke ido da ruwa mai tsabta mai yawa na tsawon minti 10 zuwa 15, ka cire rigar da ke jikinka a wanke ta ita kaɗai. Kada ka ɗauki gwangwanin da hannu. Ga mai lafiya, raɗaɗin yakan lafa cikin kusan rabin sa'a bayan ya sami iska mai kyau. Idan kuwa numfashi ya ƙi daidaita, ko gani ya dushe, ko wanda abin ya sama jariri ne ko tsoho ko mai ciki ko mai asma, a wuce da shi asibiti nan take, a kuma shaida wa likita abin da ya shaƙa da tsawon lokacin da ya yi a cikinsa.